Yadda za ku hada tarihin Mama, ba irin wanda ake kwafa daga firogiram din wata ba

Duk mai zuwa jana'iza a Jos ya san takardar nan da ake rabawa a kofar coci, hoton Mama a gaba da zanen zumunta, wato kungiyar matan coci, a ciki kuma tarihi. Ku jera guda biyar ku karanta, kusan abu daya ne, an haife ta a kauye kaza, ta yi aure, Allah ya albarkace ta da 'ya'ya da jikoki, mace ce mai addu'a mai karbar baki, ta yi gajeriyar rashin lafiya ta huta. Shikenan. Mace ta yi shekara tamanin da wani abu tana bin Ubangiji amma in ka cire sunanta ka sa na makwabciyarta ba wanda zai gane an canza. Ba karya aka rubuta ba fa, sauri ne kawai, an jibga wa jika daya aikin cikin dare alhali mai firinta yana jira da safe.

Toh in Mamanku tana nan da rai, yanzu ne lokacin. Kada ku ji tsoron wai za ta ce kuna kira mata mutuwa, ku ce sujadar godiya kuke so ku shirya mata, kuma da gaske ku shirya din. Ku je da yamma, ku aje waya kusa da ita tana daukar murya, ku bar ta ta yi magana da yaren da bakinta ya fi sakewa, Berom ne ko Ngas ko Mwaghavul ko Irigwe, daga baya a juya zuwa Hausa. Kuma dan Allah kada ku ce "Mama ba mu tarihinki", za ta ce me zan fada, Allah ne dai. Kananan tambayoyi ne ke bude bakin tsoho. Mama wa ya fara kai ki coci? Babanki ya yarda ko sai da aka sha duka? A wane rafi aka yi miki baftisma, wane fasto? Wa ya koya miki karatu? Da yawansu ba su shiga boko ba, a ajin baftisma ko ajin yaki da jahilci suka koyi hada baki, don kawai su iya bude Littafi Mai Tsarki da kansu.

Sai maganar shekaru, nan ne muke yawan kwafsawa. Ba takardar haihuwa, sai wani kawu ya ce a sa 105 kawai, a buga a kan bokiti da kalanda. Haba. Akwai hanyar kusantar gaskiya, ku daura rayuwarta a kan abubuwan da kowa ya san shekararsu. Ta tuna lokacin da ake kwasar maza da karfi zuwa aikin kuza? Wannan lokacin yakin duniya na biyu ne, wajen 1942 zuwa 1944. Ta ga husufin rana na 1947, tana yarinya ko ta fara tallar itace? Da Sarauniyar Ingila ta zo Jos a 1956 tana gidan miji ko tana gaban iyaye? In ta ce ai lokacin tana goyon danta na fari, ku lissafa, haihuwarta ba za ta yi nisa da 1937 ko 1938 ba. Haka 'yancin kai 1960, yakin basasa 1967 zuwa 1970, canjin kudi daga fam zuwa naira 1973. Biyu ko uku daga ciki sun isa. Ku rubuta "wajen shekara ta kaza", ba abin kunya ba ne.

In kuma ta riga ta koma gida, ku fara da akwatin karfen nan na karkashin gado kafin a raba kaya. Katin baftisma, katin zumunta, takardar aure, katin asibitin Vom ko na Jankwano, duk suna dauke da kwanan wata. In kun ga an rubuta SUM ko EKAS ko EKAN kada ku rude, cocin COCIN ce tun kafin ta dauki sunan da muka sani, 'yan mishan din SUM sun sauka Wase ne a 1904. In kuma na 'yan mishan din SIM ne, gidan cocin ECWA kenan, wadda ta tsaya da kafarta a 1954. Ku duba Littafinta Mai Tsarki sosai, tsofaffi suna rubuta ranar haihuwar 'ya'ya da ranar rasuwar miji a bangon ciki, kuma shafin da ya fi yin baki da dattin hannu shi ne inda take yawan karantawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma 1979, shi ya sa za ku ji wasu iyayen suna haddace aya da Hausar da ta bambanta da wadda ake karantawa yanzu. In ta tsohuwar ce a bakinta, ku sa ta yadda take fadinta.

Amma ainihin masu tarihin Mama ba 'ya'yanta ba ne, matan zumunta ne. Mu mun san ta a matsayin mai dafa tuwo da fada in an makara sujadar safe, su kuwa sun san wacece ita a waje. Ku je ranar taronsu, ku gaishe da shugabar zumunta da ladabi, ku roki a ba ku tsofaffi uku ko hudu sa'anninta, ku sayi lemo ku zauna, kada ku yi ta kallon agogo. Nan za ku ji cewa ita ce ke buga tulun kida in ana waka shekara da shekaru, ita ce ta rike kudin baiko a kullin zane ko kwabo bai taba bata ba, ita ce ke fara isa gidan makoki da tsintsiya da itace tun kafin a gama kuka, sun taka da kafa zuwa taro a wani kauye da tabarma a ka. In sun ce "mai hakuri ce" kada ku rubuta tukuna, ku ce Mama ba mu misali daya. Misalin shi za ku rubuta.

Wajen rubutawa, shafi biyu ko uku sun isa, da Hausa da Turanci, domin jikokin Abuja su karanta, kawayenta ma a karanta musu su gane. Wahalar da ta sha ku bar ta a ciki, 'ya'yan da ta binne, zaman gwauruwa, gudun rikicin 2001 in ya taba su, ai a nan ne bangaskiyarta ta fito fili. Akwai dai abin da sai iyali sun zauna, kamar maganar kishiya ko auren fari, wannan ba jika ne zai yanke shi kadai ba. Sunayen 'ya'ya da jikoki kuwa a karanta wa babba a gidan sau biyu kafin a kai firinta, har da wadanda ta rika ba ita ta haifa ba, mantuwar suna daya tana iya hada gabar shekaru.

Aya ma a dan yi tunani. Kowa Karin Magana 31 ko 2 Timoti 4:7, suna da kyau ba musu, amma in Mama ta dade da takaba tana manne da gidan Allah ga Hannatu a Luka 2:36-37, in mai dinki ce da taimakon gwauraye ga Dokas a Ayyukan Manzanni 9, in ita ce ta raini jikoki cikin bangaskiya ga Loyis kakar Timoti a 2 Timoti 1:5. Wakoki kuma ku tambayi kawayenta lambar da take yawan dagawa a Littafin Wakoki, sun sani.

Ranar sujada ku gaya wa mai jan firogiram tun da wuri, matan zumunta su samu lokacinsu cikakke, kada a ce su yi baiti daya saboda wani babban mutum da bai taba gaishe ta ba zai yi jawabi. Mai karanta tarihin ya zama wanda zai iya rike kuka, ya kuma gwada karantawa da karfi a gida. Ni dai a ganina gara a rage kudin anko da bokitai a kara wa takardar nan, bokiti wata shida ya fashe.

Bayan an watse ku kai kwafi daya ofishin coci, ku tura muryar da kuka dauka a WhatsApp na iyali, wani kuma ya aje a kwamfuta don waya tana bata. Tsofaffin hotunan nan masu baki da fari, ku kai wa kawayenta su fada muku su waye a ciki, ku rubuta sunayen a baya da fensir, biro yana huda takarda.