Darasi na Bakwai: Zaɓar Manhajar da Za Ta Buɗe Maka Fayil

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake adana aiki a kwamfuta a ba shi suna. Yau za mu duba wata matsala da ke sa mutane ɗaukar kwamfuta a bayan babur zuwa wurin mai gyara ranar kasuwa, alhali gyaranta bai kai minti biyu ba.

Akwai wani ɗalibi a ajinmu na yamma, sakataren ƙungiyar manoman riɗi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Kwamfuta ɗaya ƙungiyar ke da ita, ta hannu ce, da sola ake cajinta. A ciki yake rubuta sunayen membobi da yawan takin da kowa ya karɓa. Ƙanensa ya are ta kwana biyu ya yi ta danne-danne. Da aka dawo da ita, sakatare ya buɗe takardar sunaye, sai ya ga wasu baƙaƙe barkatai kamar tonon kaza, da haruffa biyu, PK, a can farkon layi. Ya iso aji hankalinsa a tashe.

"Malam, sunayen mutane sun lalace. Me zan gaya wa shugaba?"

Na ce, "Sakatare, kwantar da hankalinka. Rufe shi kawai. In ta tambaye ka ko a adana, ka ce a'a."

Ko suna ɗaya bai ɓata ba. An dai miƙa takardar ga manhajar da ba ta iya karanta ta ba. Da a ce ya adana ta a cikin wannan manhajar, to da ta lalace da gaske. Ku riƙe wannan kafin komai: idan fayil ya buɗe da rubutun da ba a gane shi, a rufe, kada a adana.

Fayil daban, manhaja daban

Fayil shi ne kayanka: wasiƙa, hoto, lissafi, karatun da ka ɗauka da murya. Manhaja kuwa kayan aiki ce. Ka ɗauki fayil kamar kwanon gero. Kana iya kai shi turmi, kana iya kai shi injin niƙa, geron dai naka ne. Amma in ka kai shi wurin tela, keken ɗinki ba abin da zai yi masa. Abin da ya sami sakatare ke nan. An yi takardarsa da Word, sai aka ba Notepad, ita kuwa Notepad don rubutu zalla aka yi ta, ba ta iya karanta takardar Word ba.

To ta yaya kwamfuta ke sanin inda za ta kai kowane fayil? Wutsiyar sunansa take dubawa, wato haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo. Takardar Word tana ƙarewa da .docx, tsofaffin da aka yi kafin Word na 2007 kuma da .doc. Lissafin Excel .xlsx ne. Hoto yawanci .jpg ko .png, sauti .mp3, bidiyo .mp4, rubutu zalla .txt. Takardun da ake turowa daga ofisoshi, irin su fom da takardar sakamakon jarrabawa, galibi .pdf ne. Windows tana riƙe da rajista: wutsiya kaza, manhaja kaza. Duk lokacin da ka danna fayil sau biyu, wannan rajistar take bi. Ita ce ƙanen sakatare ya sauya bai sani ba.

Windows takan ɓoye wutsiyar nan, ni kuwa a ganina ɓoyewar ba ta taimaki mai koyo ba. Ku fito da ita. Buɗe kowace folda, ka danna "View" a sama. A Windows 10 ka sa maki a akwatin "File name extensions". A Windows 11 ka danna "View", sannan "Show", sannan "File name extensions". In ba ka san wacce ke kwamfutarka ba, dubi maɓallin "Start" a ƙasan allo: a Windows 10, wadda ta fito a 2015, yana kusurwar hagu, a Windows 11, ta 2021, yawanci a tsakiya yake.

Yadda ake sauyawa

1. Ɗora kibiyar maus a kan fayil ɗin, ka danna maɓallin dama sau ɗaya. Na dama, ba na hagu da ka saba ba.
2. A jerin da ya fito, je kan "Open with", sannan ka danna "Choose another app".
3. Zaɓi manhajar da kake so. In ba ka gan ta ba a Windows 10, danna "More apps" ka gangara ƙasa.
4. A Windows 10, sa maki a akwatin da ya fara da "Always use this app", ka danna "OK". A Windows 11 maɓallai biyu ne a ƙasa: "Always" da "Just once".

Mataki na huɗun nan shi ne zuciyar darasin. "Just once" na nufin wannan karon kawai; a Windows 10 barin akwatin ba maki shi ne daidai da wannan. "Always" na nufin kullum, kuma ba fayil ɗin da ka danna kaɗai ya shafa ba, duk wani mai irin wutsiyarsa a kwamfutar ya shiga ciki. Shawarata ita ce ka fara gwadawa sau ɗaya, ka ga takardar ta fito da kyau, ka ga kana iya rubutu a ciki, sannan ka koma ka ce kullum. Da sakatare ya yi haka, ƙananan alamomin da ke jikin takardunsa duk suka koma shuɗi mai harafin W, sunayen suka fito a jere yadda ya bar su.

Akwai wata hanyar: danna dama, zaɓi "Properties", ka nemi "Opens with", ka danna "Change". Sai dai wannan hanyar na kullum take sauyawa, ba na karo ɗaya ba.

Kallo daban, gyara daban

Ba kowace manhajar da ke buɗe fayil ce ke gyara shi yadda kake so ba. Hoton fasfo yakan buɗe a Photos, ta ishe ka kallo da ɗan datse gefe. In rubutu kake son ɗorawa a jikin hoton, Paint ta fi sauƙi. A nan ba sai ka sauya na kullum ba. Ka bar Photos a matsayinta, ranar da kake son gyara ka bi ta "Open with". Fayil ɗin .pdf kuwa, wanda Windows kan buɗe da Edge, asali don karantawa da bugawa aka yi shi. In kana son gyara mai yawa, roƙi wanda ya turo maka ya ba ka na Word.

Ita Word ta kuɗi ce. A kwamfutocin hannu da yawa lasisinta ya ƙare, sai ta bar ka ka karanta amma ta hana ka rubutu. Kada ka ce kwamfuta ta mutu. LibreOffice kyauta ce, kuma da zarar an saka ta ba ta buƙatar intanet. Sashenta mai suna Writer yana buɗe .docx, Calc kuma yana buɗe .xlsx. Wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce, don haka duba kafin ka buga.

Sifilin da ke ɓacewa

Sakatarori da ma'ajin ƙungiya, ku buɗe kunne a nan. Wani lokaci akan turo jerin sunaye a fayil mai wutsiyar .csv. In ka danna shi sau biyu Excel ta buɗe, takan ɗauki lambar waya a matsayin adadi, ta jefar da sifilin farko. Lambar wayarmu mai alƙaluma 11 sai ta koma 10. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10, in da sifili ta fara, ta koma 9. Kana adanawa, sifilin ya tafi ke nan, ranar biyan kuɗi kuma a ce asusun bawan Allah ba daidai ba ne, shi kuwa yana gona bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin wanda ya yi asarar ba shi ya taɓa kwamfutar ba. In dubawa kawai za ka yi, buɗe .csv da Notepad, za ka ga lambobin cikakku, waƙafi ya raba su. In gyara za ka yi, buɗe da Calc: kafin ta buɗe takan nuna maka ginshiƙan, sai ka danna na lambobin waya ka zaɓi "Text". Kuma ka ajiye kwafin asali a filashi kafin ka taɓa komai.

Kuskure ɗaya ya rage. Wasu kan goge wutsiya su rubuta wata, su mai da .pdf ya zama .docx, suna zaton sun juya fayil ɗin. Buhun masara ne aka rubuta wa "shinkafa" a jiki. Windows za ta gargaɗe ka, danna "No". In ka riga ka yi, mayar da tsohuwar wutsiyar, fayil zai dawo.

A wayar Android ma tambayar nan kan fito, "Just once" ko "Always". In ka yi kuskure, shiga "Settings", sannan "Apps", ka zaɓi manhajar, ka nemi "Open by default" ka share zaɓin. Kalmomin kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya buɗe Notepad ya rubuta sunan ƙauyensa da ranar kasuwarsu, ya adana. Ɗayan ya faɗi wutsiyar fayil ɗin da babbar murya, ya buɗe shi da Word ko Writer sau ɗaya kawai, ya rufe, sannan ya danna shi sau biyu. Wace manhaja ce ta buɗe shi yanzu, kuma me ya sa? Ku rubuta amsar a littafinku, sai ku yi musayar kujera.