Babi na 6: Idan wutar murhun gas ta yi rauni

Kun kunna murhu, wuta ta fito 'yar mitsitsiya, ruwan shayi ya ƙi tafasa. Kada ku yi saurin cewa gas ya ƙare.

Darasi na 1

Ku kashe murhu, ku buɗe taga. Ku ɗaga tukunyar gas ku ji nauyinta. Tukunya mai kilo 12.5, in da gas a ciki, hannu zai gaya muku. In ta fi wadda babu komai a ciki nauyi, gas na nan, hanya ce bai samu ba.

Darasi na 2

Regileta shi ne ƙarfen da ke zaune a kan tukunya, wanda tiyo ya fita daga jikinsa. Iyayena da yayyena, a nan yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu bi a sannu.

Ku juya maɓallinsa ya koma a kashe. Ku cire regiletan. Ku ɗora shi a miƙe, ba a karkace ba. Ku danna da tafin hannu har ku ji ya yi ƙas. Sai ku ja shi sama. In ya biyo hannunku, bai zauna ba.

Ku sake. A miƙe, a danna, a ji ƙas, a ja sama. Ba ku ji ƙas ba? Babu komai, kowa da haka ya fara. Ku cire, ku sake ɗorawa. A miƙe, a danna, a ji ƙas, a ja sama. Sai ya ƙi biyo hannu sannan za ku buɗe maɓalli.

Yanzu ku shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo. In kumfa na tasowa, gas na zurara, ku kashe nan take.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Har yanzu ina ganin masu ɗora dutse a kan regileta, da masu gwada yoyo da ashana, da masu kwantar da tukunya wai don wuta ta ƙaru. Da yara a gidan fa. Gas ya fi iska nauyi, ƙasan ɗaki yake taruwa. Ku bari, don Allah. A danna, a ji ƙas, a ja sama.

Darasi na 3

Ku bi tiyo da hannu. In ya lanƙwashe, ku miƙar. In ya tsage ko ɓera ya ci, a sayi sabo, ba a ɗaure shi da leda.

Darasi na 4

Miya kan toshe ramukan kan murhu. In ya huce, ku goge da tsohon buroshi. Wuta mai kyau shuɗiya ce.

Darasi na 5

In duk ya ƙi, ku kira mai gyara.