Yadda nake zaunar da yarana a mota

Bara muna kan hanyar Argungu daga Birnin Kebbi, tunkiya ta faɗo titi, maigidan ya taka birki. Autana yana kan cinyata a gidan gaba, na rungume shi da hannu biyu, amma sai da goshinsa ya bugi gaban mota. Allah ya taƙaita, ƙulu kawai ya yi. Motar da ke gudun kilomita 50 in ta yi karo, yaro mai kilo 10 yakan fizge da ƙarfin kusan kilo 300, wato buhun shinkafa shida. Wace uwa ce za ta riƙe wannan?

Tun ranar duk wanda bai kai shekara 12 ba, ya koma gidan baya, abin da hukumar kiyaye haɗurra ma take faɗa ke nan. Jakar iskar da ke gaba, wadda ke kumbura in an yi karo, don manya aka yi ta, in ta fashe tana iya karya wa yaro wuya.

Jariri kujerarsa daban, a ɗaure ta yana kallon baya har ya kai shekara 2 ko fiye. Kansa ya fi ƙarfin wuyansa, to in aka yi karo kujerar ce za ta tallafe kan da gadon bayan. Surukata ta ce, "Ke 'yar nan, laifin me jikana ya yi aka juya shi haka?" Na ce, "Hajiya, ai ku zai riƙa kallo." Ta zauna kusa da shi, magana ta ƙare.

In kin ɗaure kujerar, ki jijjiga ta daga gindi. Ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu? Sake ɗaurewa. Madaurin kuma, in kika iya tsunkule shi a kafaɗar yaro, ya yi sako-sako. Da hunturu ki cire masa rigar sanyi mai kauri, ki ɗaure, sannan ki lulluɓa bargo.

Yayar autana mai shekara 7 tana hawa kujerar ƙarin tsawo, don bel ya bi kafaɗa da ƙugu, ba wuya da ciki ba. Sai ta kai santimita 135 za mu yi maganar cirewa. Takan zura bel ɗin ƙarƙashin hammata, ni kuma in ce motar ba ta tashi.

Kujerar gwanjo nake jin tsoro, don ba ki san ko ta taɓa shiga haɗari ba. In ita ce daidai aljihu, ki duba tsagewa da kwanan watan da ke jikinta ko wa'adinta ya wuce, ki tabbata maƙullin madaurin yana kamawa ƙam.