Yadda Za Ka Taya Ɗanka Warware Haruffan Turanci Da Aka Hargitsa

Malaman firamare kan ba yara wannan aikin gida: a ba su haruffa a hargitse, su jera su har su zama kalmar Turanci. Ga yadda za ku yi shi tare.

Da farko ka yayyanka takarda, kowane harafi da guntunsa. Ware wasula, a e i o u, gefe guda. Sai ku nemo haruffan da suka saba tafiya tare: th, sh, ch, qu, ko ing a ƙarshe.

Ɗauki G N I D A E R. Cire ing, saura D A E R. Bar yaron ya jujjuya su da hannunsa har read ta fito. Ka ga reading kenan, karatu.

Lallai ku duba ƙamus, domin haruffa iri ɗaya kan ba da kalma biyu: listen, saurara, da silent, shiru. Idan malam ya haɗa haruffan da wata jimla, ita za ta nuna wadda ake nema.