Shawara ga masu buga Game Dev Tycoon: kada ku yi gaggawar sayen lasisin TES

Salam 'yan uwa. Ga masu sabon shiga Game Dev Tycoon, wasan da ake gudanar da kamfanin ƙirƙirar wasannin bidiyo, ku kula da TES, na'urar wasa mai amfani da kaset da kamfanin Ninvento ke fitarwa a farkon wasan, wadda aka kwaikwayo daga NES ta Nintendo. Da labarinta ya fito, hannu kan yi ƙaiƙayi. Ni ma haka na yi, na zuba 80K (dubu 80) na lasisin yin wasanni a kanta alhali asusuna bai kai ya kawo ba, ga 30K na kowane wasa, ga kuɗin garejin da ake fara aiki a ciki duk wata. Wasa ɗaya ya faɗi, sai ga asusu ya koma ja.

Ku fara tara kuɗi a PC ko kwamfutar G64 tukuna, sai kun samu wasa biyu ko uku da suka karɓu. In kun shiga TES, ku nufi yara, domin su ne kasuwarta, wasan manya ba ya tafiya a kanta ko kaɗan. Nau'in Casual, wato wasanni masu sauƙi, ya fi dacewa da ita, Strategy da Adventure kuwa ku bar wa kwamfuta. Kuma don Allah kada ku maimaita jigo da nau'i ɗaya sau biyu a jere, masu sharhi za su zaftare muku maki.