Yadda Ake Samar da Irin Gyaɗa Mai Yawan Oleyik

Gyaɗa mai yawan oleyik (wani sinadari da ke cikin man gyaɗa), wadda manta ke daɗewa bai canza wari ba, tushenta wani iri ne mai suna F435 da masana Jami'ar Florida ta Amurka suka bayyana a 1987. Oleyik ɗinsa ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari, linoleyik kuwa, wani sinadarin man, kashi 2 kacal. Daga jikinsa aka fitar da irin gyaɗar da ake kira SunOleic 95R. Sai ka nemo uba daga wannan zuriya, uwa kuma ta zama irin da ka yarda da shi a gona.

Wurin barbara ne masu koyo ke faɗuwa, ni ma a nan na yi asarar damina guda. Furen gyaɗa shi ke yi wa kansa barbara, idan ka jira ya buɗe da safe ka makara. Da la'asar za ka nemi tohon uwa da zai buɗe gobe, ka buɗa shi a hankali da hantsaki, ka zare kawunan da ke ɗauke da garin fure gaba ɗaya. Ɗaya ya saura, aikin ya tashi a banza. Ɗaura zare mai launi a gaɓar, ka tsinke sauran furannin da ke wurin. Washegari da sassafe ka ɗebo garin furen uba ka shafa. Ni a tukunya nake shuka uwa, don durƙuso a kunya yana sa hannu rawa.

'Ya'yan farko ba za su nuna yawan oleyik ba, kada ka zubar da su. Ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da halin, FAD2A da FAD2B, kuma sai kowacce ta zo a sauye ta wajen uwa da uba sannan ya fito sosai. A jikoki, wato abin da 'ya'yan farkon suka haifa idan ka shuka su, ƙwayar gyaɗa ɗaya cikin 16 ce ke dacewa. Idan uwar dama tana da sauyin FAD2A, ɗaya cikin 4.

Gwaji akwai tsada, amma ido ba ya rarrabewa. Yanki ɗan gefen ƙwayar nesa da ɗan tsiron ka kai ɗakin gwaji, ragowar ka shuka. Ƙwayar da ta ƙosa sosai za ka gwada, ɗanya tana rage lissafin oleyik.

Waɗanda suka dace ka sake haɗa su da uwar sau biyu ko uku, kana gwadawa. Wajen ɓara da ajiya a ware musu buhunsu daban.