Darasi na 9: Gidan Zaman Tare na Masu Barin Shaye-Shaye

Matashi ya kwanta a asibiti, jikinsa ya washe, an sallame shi. Ya dawo unguwa ya tarar majalisarsa tana nan, mai ba shi tiramol bashi ma yana nan bakin kwalbati. Kafin wata ya zagayo ya koma ruwa. Wannan ba baƙon labari ba ne a Gusau ko Ƙauran Namoda. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Duk wanda ya daina a cikinsu yana buƙatar inda zai kwana ba a miƙo masa ƙwaya ba.

A 1975, a jihar Maryland ta Amurka, wasu da suka daina shan giya suka kama gida haya suka zauna tare. Tsarinsu, mai suna Oxford House, yana da ƙa'idoji uku: mazauna gidan ne ke tafiyar da shi da ƙuri'a, su ke biyan haya da cefane, kuma wanda ya koma sha zai bar gidan.

Kada a ɗauka gidan mari ne. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta warkar da kowa. A gidan zaman tare ƙofa a buɗe take, kowa da ƙafarsa ya shigo.

In za a yi a nan, a fara da likita. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, in ya bari kwatsam zai yi fama da gumi, amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wannan aikin asibiti ne, kamar Asibitin Tarayya na Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana ba da shawara.

Sai mutum shida ko takwas su nemi gida nesa da tsohuwar majalisa. A sanar da mai unguwa da liman tun farko, domin maƙwabta za su ji tsoro, kuma suna da haƙƙin a yi musu bayani. A sayi littafi, ma'aji ya riƙa rubuta kuɗin da kowa ya kawo. Kowa ya fita nema, ko dako ne ko faci, don zaman banza ne ke fara tuno wa mutum da ƙwaya. A zauna sau ɗaya a mako, wanda sha'awar ta taso masa ya faɗa ba kunya.

Sallamar wanda ya koma sha akwai ciwo, amma dole ce saboda sauran. Sai dai a raka shi asibiti ko wurin danginsa, kada a watsar da shi a titi.

Aiki:
1. Rubuta ƙa'idoji uku na gidan.
2. Idan haya naira 240,000 ce a shekara, mutum 8 a gidan, nawa kowa zai biya a wata?
3. Me za ka ce wa maƙwabcin da ya ƙi yarda?